Man Agadem ya ƙetare Gaya, albasar Galmi tana jira

A wani ɗakin tace albasa da ke lardin Zeeland, kudu maso yammacin Holand, ana cika kwantena da ƙananan buhunan raga masu kilo 25, takardar kayan kuma an rubuta mata Abijan. Mai lura da lodin da ya ji ni mutumin Tawa ne, sai ya ce ai ya san albasarmu, masu sayen kayansa a Abijan kullum suna faɗa masa jar Nijar ta fi tasa daɗin miya, kuma shi bai musa ba. Abin da ya sa hankalinsa kwance, in ji shi, yana iya faɗa wa mai saye ranar da kaya za su sauka, mu kuwa ba mu iyawa. Bai faɗa da wulaƙanci ba. Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce, kuma don na san ba manomin Galmi ne ya jawo mana ita ba.

Ƴan uwa na Tsarnawa, Madawa, Tamaske da Kwanni, ya kamata ku san da wa kuke gasa. Jihar Tawa kaɗai ta ninka Holand girma fiye da sau biyu da rabi, amma wannan ƴar ƙasa tana fitar da albasa sama da tan miliyan ɗaya kowace shekara zuwa ƙasashe fiye da ɗari. Abin da suke ci a gida ɗan kaɗan ne, kusan duk noman na fitarwa ne.

Suna shuka a Maris da Afrilu, da inji, kai tsaye cikin gona, babu dashe. Ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake cira. Kafin cira, lokacin da lawashi ya fara kwanciya amma da sauran kore a jikinsa, akan fesa maganin da ke hana albasa tsiro a ajiya. Lokacin fesawar yana da wuyar kamawa: in an makara lawashi ya bushe, magani ba ya sauka cikin kan albasar, in an yi gaggawa kuma, albasar ta fito da laushi kamar soso. Inji ɗaya ya sare lawashi, na biyu ya tone ya jera ta layi layi ta sha iska ƴan kwanaki, na uku ya kwashe. Rumbunsu gini ne irin na masana'anta. Ana zuba albasa tsibi guda mai tsayin mita uku zuwa huɗu bisa daɓe mai ramukan iska, ko a cikin akwatunan katako da kowane ke ɗaukar tan ɗaya da ɗoriya. Manyan fankoki suna tura iska mai ɗumi daga ƙasa ta ratsa tsibin dare da rana har wuyan albasar ya bushe. Gwajin da suke yi irin namu ne: a murza wuyan tsakanin yatsu biyu, in ya yi santsi da sauran aiki. In ya bushe sai a riƙa sauke zafin a hankali, wajen rabin digiri a rana, don in aka sauke da sauri raɓa ta kwanta a jikin albasa ruɓa ta samu hanya. Kwamfuta ce ke buɗe tagogi da rufe su gwargwadon danshin iskar waje. Da haka albasar Satumba ke kai Mayu ko Yuni.

Ranar da aka samu mai saye, sai a kai ta ɗakin tacewa. A goge ƙasa da busasshen ɓawo, a datse sauran wutsiya, ta bi ta kan bel. A manyan wuraren akwai na'ura mai kyamara da ke duba kowace ƙwaya, har da hasken da ke gano ruɓar ciki wadda ido ba ya gani. A raba ta bisa faɗi da milimita: 40 zuwa 60, 60 zuwa 80, da sauransu. Manya su tafi Ingila da masana'antun yanka, matsakaita da ƙanana su ne rabon yammacin Afirka, don sun san mai tebur a kasuwa kashi kashi take sayarwa. Kwantena mai ƙafa 40 tana ɗaukar wajen tan 28 zuwa 29, wato buhu 1,100 da ɗoriya, kuma tana da injin da ke riƙe sanyi yana sauya iska har a isa. Mai binciken gwamnati ya duba ya ba da takardar lafiyar kaya. Daga garin Kruiningen, inda masu tace albasa suka fi yawa, zuwa tashar jirgin ruwa ta Vlissingen mota ba ta yin awa guda, kuma babu wanda zai tsayar da ita a hanya. Dakar kwana goma ko ƙasa da haka, Abijan wajen mako biyu. Farashi kuma ba a ɓoye yake ba: kowane mako kasuwannin Goes da Emmeloord suna fitar da nasu, ana kuma buga yawan tan ɗin da ya tafi kowace ƙasa. Manomin Holand yana zaune a gidansa ya san abin da ya shiga Senegal makon jiya.

Ga inda rigimar manyan ƙasashe ta shigo. A Yulin 2014 aka harbo jirgin MH17 da ya tashi daga Amsterdam, a sararin gabashin Yukren. Mutum 298 suka mutu, 196 ƴan Holand ne. Turai ta tsananta wa Rasha takunkumi, Rasha kuma ta rama a watan Agusta da hana shigo da nama, madara, ƴaƴan itatuwa da kayan lambu daga Tarayyar Turai. Albasa tana ciki, kuma Rasha na daga cikin masu sayen ta Holand. Ƴan kasuwar Zeeland ba su zauna jiran sulhu ba, suka ƙara danna kayansu a kasuwannin da suka riga suka sani: Dakar, Abijan, Konakiri, Nuwakshot. Sun daɗe a yankinmu kafin 2014, amma yau in ka duba jerin masu sayen albasar Holand, Senegal da Kodibuwa kullum suna sahun gaba. Manomin Tamaske bai san inda Yukren take ba, amma rigimarta ta same shi a kasuwar Abijan.

Kuɗin ma yana bayansu. Tun 1999 sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a kowane yuro, ba ta motsi. Mutumin Zeeland da ya sayar a Abijan ko Dakar ya san abin da zai shiga aljihunsa tun ranar da ya yanke farashi. Namu ɗan kasuwar da ya sayi kaya da sefa a kantuwar Tsarnawa, wurin cinikin albasa, ya kai Akara ko Kumasi, da sidi, kuɗin Gana, zai sayar, yawanci bashi ta hannun mai gida, sai bayan mako biyu ko uku kuɗi su taru. A 2022 sidi ta faɗi ƙwarai a gaban dala, a Yunin 2023 kuma Najeriya ta saki naira ta yi ƙasa. Mutum ya sayar da riba a takarda, ya je canji ya tarar ribar ta tafi har ta taɓa uwar kuɗi. Ba ina shiga muhawarar sefa ba ne a nan. Ina nuna cewa Bature mai nisan dubban kilomita ya fi ɗan Madawa samun natsuwa wajen kuɗi a kasuwannin da ke maƙwabtaka da mu.

Wani zai ce ai akwai harajin duwan da ke kare mu. Akwai. Tun Janairun 2015 da tsarin harajin bai ɗaya na CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ya fara aiki, albasar da ta fito daga wajen yankin tana cikin rukunin kashi 35 cikin ɗari, mafi tsada. Su biya wannan, su biya jirgi, su biya tashar ruwa, kuma duk da haka su sayar. Dalili shi ne lokaci. Tamu tana fitowa daga Fabrairu zuwa Mayu, ta cika kasuwa har buhu ya rasa daraja. Daga Agusta zuwa Disamba kuwa, lokacin da buhu ya ninka kuɗinsa sau uku ko huɗu, abin da ya rage a rudu, wato rumbun albasa na kara da ciyawa, kaɗan ne, ta Agadas da ke fitowa bayan damina kuma ba ta isa ta cike giɓin. Daidai wannan lokacin ne sabuwar albasar Holand ke fitowa daga gona. Mu muna sayarwa a watannin araha, su suna sayarwa a watannin tsada.

Muna da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Albasar da za a ajiye ana yanke mata ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira, a jira kashi biyu cikin uku na lawashi ya kwanta, a yanke a bar mata wuya kamar faɗin yatsu biyu, a shanya a inuwa mai iska mako ɗaya zuwa biyu kafin ta shiga rudu. Da yawa ba a yin haka. Ana ban ruwa har jajibirin cira don kai ya yi girma, a zuba yuriya a makare wuya ya yi kauri ya ƙi rufewa, a yanke lawashi ɗanye daf da kai, a bar ta cikin ranar Afrilu ta ƙone, sannan a danna ta cikin buhun da ya haura kilo 100 a ɗinka masa hula. Ta ƙasa ta murƙushe kafin a fita gari. Zafi shi kaɗai ba ya kashe albasa. Sama da digiri 25 ma barci take yi ba ta tsiro, shi ya sa kakanninmu suka iya ajiye ta cikin kara da ciyawa. Abin da ke kashe ta rauni ne da danshin damina, su ne ke buɗe ƙofa ga baƙin kumfan nan da ke kwanciya ƙarƙashin ɓawo da ruɓar da ke sa ta zubar da ruwa. Rudun da ba a ɗaga shi daga ƙasa ba, ko aka cika shi har iska ta kasa ratsawa, yana iya cinye kashi ɗaya cikin uku na abin da aka zuba, wani lokaci fiye.

Amma ku tambayi dalilin da ya sa manomi ke yin haka. Da bashi ya sayi taki da mai, mai bashi kuma yana tsaye bakin garka ranar cira. Da buhu ake saye, ba da kilo ba, kuma mai saye ne ke faɗin tsawon hula. Mutumin da ake bi bashi ba ya shanya albasa mako biyu. Takin ma da ake zarginsa a kai, ku duba inda matsalar ta taso. Rasha ce kan gaba a duniya wajen fitar da takin yuriya da danginsa, ita da Belarus kuma suna riƙe da kusan kashi 40 cikin ɗari na cinikin fotash. Sin ta taƙaita fitar da nata takin tun ƙarshen 2021, yaƙin Yukren ya ɓarke a Fabrairun 2022, farashin yuriya a kasuwar duniya ya ninka na 2020 fiye da sau uku. Manomin da kuɗinsa ba su kai buhu biyu ba, haɗaɗɗen takin nan 15-15-15 yake bari ya ɗauki yuriya, don ita ce ke nuna kanta da sauri a lawashi. Alhali fotash ɗin da ke cikin 15-15-15 shi ne ke sa kan albasa ya yi tauri, ɓawo ya kama, ta jure ajiya. Ruɓar da aka gani cikin rudu a watan Agusta, tun ranar sayen taki a Nuwamba aka ƙulla ta.

Duk wannan da sauƙi a kan maganar hanya. Da can motar albasa mai zuwa Gana tana da zaɓi biyu: ta bi Yamai, Makalondi, Kancari, Fada, ko ta bi Doso ta sauka Gaya ta haye gadar Malanbil ta ratsa Benin da Togo. Rashin tsaro a gabashin Burkina ya sa mutane suka koma ta Gaya. Ranar 26 ga Yulin 2023 aka yi juyin mulki, ranar 30 CEDEAO ta rufe iyakoki, gomman motocin albasa masu zuwa Gana suka maƙale. Wanda bai taɓa tsayawa kusa da motar albasa da ta kwana goma a rana ba, ba zai gane ba. Albasa rayayya ce, tana numfashi tana fitar da zafi da danshi. In mota tana tafiya iska na ratsa buhuna. In ta tsaya, ɗaruruwan buhuna a danne ƙarƙashin tamfol, tsakiyar lodin sai ya ɗauki zafi, ƙwaya ɗaya mai rauni ta fashe ta jiƙa na kusa da ita, cikin ƴan kwanaki ruwa ya fara ɗiga ta ƙasan mota. Tafiyar da ake yi ƙasa da mako in ta zama mako uku, babu sauran maganar riba, sai lissafin ko za a fitar da kuɗin mota.

Ranar 24 ga Fabrairun 2024 CEDEAO ta ɗage takunkumi, Benin ta buɗe nata gefen, Najeriya ma aka buɗe a Maris. Gefenmu na gadar Gaya ya ci gaba da zama a rufe. Hukumomin Yamai sun ce dalilin tsaro ne, suna zargin akwai sojojin Faransa a Benin da ke shirya wa ƙasar sharri, Benin kuma ta musanta. Ni ɗan ƙasa ne, na san abin da aka yi mana a 2023, na san Najeriya ta yanke wutar da ke ba mu wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarki, na san magani ya yi wuya a asibitoci, kuma ban manta ba. Amma sakamakon a ƙasa shi ne kaya suka koma kwalekwale tsakanin Gaya da Malanbil: a sauke daga mota, a loda a jirgi, a sauke, a sake lodawa a wata mota, kowane ɗauka da jifa rauni ne a jikin albasa. Wasu suka zagaya ta Najeriya, su ratsa jihar Kebbi su faɗa Benin ta Segbana, iyaka ta ƙaru, shingaye suka ƙaru. Manyan kaya kuma suka koma Lome, su bi Sinkase, Kaya, Dori, Tera, cikin ayarin ɗaruruwan motoci da rakiyar soja, ana jiran ayari ya haɗu har makonni. Siminti da ƙarfe suna iya wannan jira. Albasa ba ta iyawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Ta wajen Gaya ɗin nan da motar albasa ba ta wucewa, bututun mai ya ƙetare. Kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa Seme a gaɓar tekun Benin, kamfanin CNPC na Sin ya gina shi don ya ɗauki ganga 90,000 a rana. A Afrilun 2024 Nijar ta karɓi dala miliyan 400 daga hannunsu a kan man da ba a riga an sayar ba, da ruwan kashi 7 cikin ɗari, a biya cikin shekara guda; wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. A farkon Mayu Benin ta ce ba za a loda man ba sai an buɗe iyaka. Cikin ƴan kwanaki tawaga ta taso daga Sin ta sauka Kwatano, kafin watan ya ƙare jirgin farko ya ɗauki mai. An sake samun tangarɗa daga baya, aka sake gyarawa. Mai yana da babbar ƙasa a bayansa da za ta tashi tsaye ranar da aka taɓa shi. Albasa, wadda dubban gidaje daga Kwanni zuwa kwarin Tarka ke ci daga gare ta, ba a taɓa tayar mata da tawaga daga ko'ina ba.

Ku bi sauran manyan ƙasashen ɗaya bayan ɗaya. Faransa yuraniyom ɗin Arlit ne damuwarta; an karɓe lasisin haƙar yuraniyom na Imuraren daga kamfaninta Orano a Yunin 2024, aka mayar da kamfanin haƙa na Somair na ƙasa a Yunin 2025, ana ta shari'a. Amurka sansanin jiragenta marasa matuƙi na Agadas ne ya dame ta, ta fice a 2024. Rasha ta turo masu horar da soja a Afrilun 2024. Cikin su duka, abin da ya taɓa manomin albasa kai tsaye shi ne shirin tallafin Amurka na MCC na dala miliyan 437 da aka sa wa hannu a 2016, wanda ya gyara filin ban ruwa na Kwanni da hanyar Doso mai gangarawa Gaya, sai kuma na biyu na dala miliyan 504 da aka ƙulla a Disamban 2022 don hanyar Kwatano zuwa Yamai. Da siyasa ta juya aka dakatar da rabon Nijar. Hanyar da aka ce an tsara don talaka ta zama abin horo. An cire mu daga AGOA, tsarin shigar da kayan Afirka Amurka babu haraji, a Janairun 2024, Sin kuma ta yafe harajin shiga kasuwarta ga ƙasashe irin namu daga Disamban 2024. Duka biyun labarai ne manya a rediyo, amma babu buhun Galmi ɗaya da ke zuwa Amurka, Sin kuwa ita da Indiya su ne suka fi kowa noman albasa a duniya. Kasuwarmu Akara ce da Kumasi da Abijan da Kwatano da Lome.

Shi ya sa ficewa daga CEDEAO da ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025 ke buƙatar a duba ta da idon ɗan kasuwa. Muna nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yankin masu kashe sefa, saboda haka albasa tana shiga Kodibuwa, Togo da Benin babu harajin duwan bisa ƙa'ida. Gana da Najeriya ba su cikin UEMOA. Abin da ke ba kayanmu damar shiga can kyauta tsarin CEDEAO ne, ita kuma ta ce za ta ci gaba da yi mana haka har zuwa wani lokaci. Ciniki mai girman wannan bai kamata ya rataya a kan "har zuwa wani lokaci" ba. Yana buƙatar takarda tsakanin Yamai da Akara, da sunan albasa a ciki.

In za a yi adalci, rigimar manya ta kawo mana abu ɗaya mai amfani. Da Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, fetur ɗin da ke shigowa Kwanni daga Illela ya daina araha, masu garka da yawa suka juya injinan ban ruwa zuwa gas, a Maris ɗin 2025 kuma aka ga layin mai a Yamai duk da matatar SORAZ mai ganga 20,000 a rana. A daidai wannan lokacin Amurka ta toshe wa faifan sola na Sin kasuwarta da haraji, masana'antun Sin kuma sun ƙera fiye da abin da za su iya sayarwa, farashi ya faɗi warwas. A kwarin Tarka da Maggiya, inda ruwa ke kusa, ƙaramin famfo da ƴan faifai suna ɗauke wa manomi kuɗin mai na rani gaba ɗaya. Ba don mu aka yi ba, amma ya zo hannunmu.

Holand ma ana matsa mata, kada ku ɗauka ta tsira. Kamfanin ASML na garin Veldhoven shi kaɗai a duniya ke ƙera injinan da ake buga ƙwaƙwalwar kwamfuta mafi ƙarfi da su, kuma tun 2019 Amurka ta hana a sayar wa Sin mafi ingancinsu, a 2023 aka ƙara tsaurarawa. Suna jin zafin abin, ana ta gardama a kansa a jaridunsu. Amma duk wannan hayaniya ba ta tsayar da kwantenar albasa ɗaya a Vlissingen ba. Na san za a ce suna da teku, suna da kuɗi, babu mai kai musu hari a hanya, kuma haka ne. Ban yarda a ce sun fi mu iya noma ba. Manomin da ke fitar da albasa daga ƙasar Ader da rijiya da guga da zafin digiri 40, babu inshora babu banki, a ba shi rabin abin da na Holand ke da shi a gani. Kuma ba sai an je Turai neman misali ba: Senegal tun 2003 take rufe ƙofa ga albasar waje na tsawon watanni duk shekara har manomanta su sayar da tasu, masu kwantenar Zeeland kuma suna bin wannan doka ba gardama, don sun san da gaske ake.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin kilomita goma na bututun mai ba. In ba za a buɗe gadar Gaya ga kowa ba, a buɗe ta ga kayan da ke ruɓewa, a bincike mota a kantuwar Tsarnawa ko Madawa a sa mata hatimi ta wuce. In ayari ne dole, motocin albasa su sami ranarsu tsayayya da kowa ya sani. Ƙungiyar masu sana'ar albasa ta ANFO da hukuma su tsaya a kan sayarwa da kilo cikin buhun raga na 25 ko 50, don mace mai tebur a Abijan ta riga ta saba da buhun da za ta iya ɗagawa ita kaɗai. A ba manomi bashi a kan albasar da ke cikin rudu, don ya iya riƙe ta zuwa Satumba. A 2023 hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a Afirka ta yi wa jar albasar Galmi rajistar suna, bayan a shekarun baya wani kamfanin iri ya nemi mallake sunan aka tashi aka hana shi. Sunan yana hannunmu yanzu, saura ya hau jikin buhu.

Mutanenmu ne ke riƙe da cinikin albasa a Abijan tun kakanni, kowa a Ader yana da wani a can. Yau a watannin ƙarshen shekara, ƴaƴan Keita da Buza ne ke sauke buhunan Zeeland daga mota suna rarraba wa masu tebur. Ba na ganin laifinsu, abinci suke nema, kuma kuɗin da suke aikowa shi ne ke sayen takin wasu. Amma garkar albasa ita ce ta daɗe tana riƙe samari a gida da rani. In ta yi shekara biyu a jere ba ta mayar da kuɗinta ba, yaro zai ɗauki jakarsa bayan girbin hatsi, garka ta rage wa tsoho. Kuma irin Galmi ba a kanti yake zaune ba. Sai an zaɓi kawuna masu kyau a girbin Afrilu, masu siririn wuya da launi sosai, a raba su da na sayarwa, a tsare su duk damina ana juyawa ana cire masu ruɓa, a sake dasa su a Oktoba ko Nuwamba, su yi fure, a yanke kan furen wajen Maris kafin ya fashe ya zube, a shanya a sussuke. Aikin shekara biyu ne kafin a ga ƙwayar iri, irin albasa kuma ba ya daɗewa. Bayan shekara guda a zafinmu tsirarsa ta ragu sosai, bayan biyu kusan babu. Gidan da ya tsallake rani biyu bai fitar da iri ba, zaɓen da uba da kaka suka yi ta yi shekara da shekaru ya fita daga hannunsa, in ya dawo noma sai ya sayi na gwangwani a kasuwa.